Ziyara a Gidan 'Yan Tsana na Miyoshi

A ƙarshen kaka, lokacin da sanyi ya fara ratsa ƙashi, na hau jirgin ƙasa daga tashar Hiroshima zuwa Miyoshi, wani ƙaramin gari da ke tsakiyar tsaunukan arewacin lardin Hiroshima a ƙasar Japan. Jirgin layin Geibi ba ya cikin masu gudun nan da aka san Japan da su. Da dizal yake tafiya, yana tsayawa ƙauye bayan ƙauye, har muka shafe kusan sa'o'i biyu a hanya. Mun isa hazo bai gama washewa ba, domin garin yana zaune ne a mahaɗar koguna uku, kuma a wannan lokaci na shekara hazon yakan lulluɓe shi da safe.

Abin da ya kai ni shi ne gidan da aka adana 'yan tsanan Tsujimura Jusaburo, gwanin haɗa 'yan tsana, wanda ya rasu a watan Fabrairun 2023 yana da shekara 89. An haife shi a Manchuriya, yankin da ke arewa maso gabashin China a yau, a 1933, aka kawo shi Hiroshima a 1944, sannan suka koma Miyoshi a 1945, 'yan watanni kafin Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima bam ɗin nukiliya. Da sauran shan ruwansa a gaba. A nan ya tashi kafin ya tafi Tokiyo neman sana'a, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa.

Gidan tsohon ginin banki ne a tsohuwar unguwa, a ƙetaren kogi. Ni 'yar tela ce, na girma ina tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin keken mahaifiyata ina ɗaura wa 'yar tsanar kara zane, saboda haka da na shiga, ɗinkin na fara nema kafin in dubi kyan abin. Na daɗe tsaye gaban wata 'yar tsana mace mai dogon wuya da idanu a lumshe, ina duba ta dama ina duba ta hagu, ban ga inda allura ta bi ba. Fuskarta ba fenti ba ce a kan itace. An lulluɓe ta ne da wani yadin siliki mai ƙananan tamoji da suke kira chirimen, wanda yake kama haske ta yadda in ka ɗan gusa sai ka ga kamar ta sauya fuska, daga murmushi zuwa ɓacin rai. Tufafinta kuwa daga tsofaffin kimono, wato rigunan gargajiya na Japan, aka yanko su, launinsu ya ɗan koɗe, kuma a ganina wannan koɗewar ce ta hana su zama kayan wasan yara.

Sunan Tsujimura ya fito ne a 1973, sa'ad da gidan talabijin na NHK ya fara nuna wasan 'yan tsana mai suna Shin Hakkenden da 'yan tsanan da ya haɗa, wasan da ya ci gaba har 1975. Abin takaici, an goge mafi yawan kaset ɗin shirin, kaɗan ne suka tsira. Daga nan ya shiga ɗinka wa 'yan wasan dandamali kaya, ciki har da na wasan Medea da darakta Ninagawa Yukio ya shirya a 1978, inda namiji ya fito a matsayin matar da ake kira Medea, sanye da tufafi masu nauyi da aka harhaɗa daga tsofaffin ɗamarun kimono, aka kuma kai wasan har Girka, inda labarin ya samo asali.

Na koma gaban matar nan karo na biyu, na sunkuya har numfashina ya taɓa gilashi, sai can a bayan kunnenta na hango wani siririn layi inda yadi ya haɗu da yadi. Wannan binciken ne ya sa jirgin yamma ya tafi ya bar ni, na zauna a tasha da gwangwanin shayi mai zafi a hannu ina jiran na gaba.