Yadda Na Saba da Teku a Las Palmas

Las Palmas gari ne da ba ya barin mutum ya juya wa teku baya. Shi ne babban birnin tsibirin Gran Kanariya, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, kuma akwai wurin da garin ya tsuke har mutum yakan taka da ƙafa daga tashar jiragen ruwa ta La Luz ya ɓulla bakin ruwan Las Canteras cikin 'yan mintoci. Gabas ruwa, yamma ruwa. Ga wanda aka haifa a nan wannan abin alfahari ne. Ga irinmu da muka shigo ta kwale-kwale kuwa, wata jarrabawa ce da ake farkawa da ita kullum.

Ni mutumin Katsina ne. Ruwan da na sani tun tasowata shi ne na rijiya da na kududdufi, sai kuwa dam ɗin Jibiya da muke kallo daga nesa. Neman abinci ne ya kai ni Nuwadibu ta Muritaniya, daga can kuma na bi ayarin masu tsallakawa a ƙarshen 2020. Tsakanin Nuwadibu da kudancin wannan tsibiri akwai kusan kilomita 800, kuma ba na son tsawaita magana a kan abin da ido ya gani a hanyar. An sauke mu a gaɓar Arguineguín, wadda a watan Nuwamban shekarar aka tara fiye da mutum 2,000 a kanta lokaci guda, kowa da bargonsa a kan siminti. Daga baya aka rarraba mu otal-otal ɗin kudu, waɗanda annobar korona ta kore wa baƙi. Ɗakin da aka ba mu yana kallon teku. Labulen tagar nan a rufe yake har ranar da muka bar wurin.

Shekarun farko na takardu ne. Abu na farko da duk baƙo ke koya a nan shi ne ya yi rajista a ofishin hukumar gari, abin da suke kira padrón, domin ita ce shaidar cewa kana zaune a ƙasar, da ita ake samun katin asibiti, kuma da ita ake ƙirga maka shekaru. A lokacinmu sai ka cika shekara 3 sannan ka nemi izinin zama ta hanyar da ake kira arraigo, tare da takardar ɗaukar aiki da shaidar ba ka da laifi. Tun watan Mayun 2025 an rage wa'adin zuwa shekara 2. Na koyi Sifaniyanci a ajin dare, na yi dako, na yi fenti, har Allah ya sa na samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a unguwar Guanarteme, inda yanzu nake tsaye a gaban murhu. Unguwar tana jingine da ƙarshen Las Canteras. Akwai doguwar hanyar ƙafa da ta bi bakin ruwan tun daga farko har ƙarshe, wajen kilomita 3, ita ce hanya mafi sauƙi zuwa wurin aikina. Ni kuwa ta lungunan baya nake bi, saboda ƙarar ruwan kaɗai tana tayar mini da zuciya.

Wanda ya lura da hakan abokin aikina ne, wani ɗan Senegal da ya girme ni, daga zuriyar masuntan Yoff a Dakar. Shi ma ta ruwa ya zo, amma shi a cikin ruwa ya girma, kuma tun yana yaro yake ganin masu hawan igiyar ruwa a tsibirin Ngor. Wani dare muna goge tukwane ya ce da ni, "Ƙanena, kana zaune a tsibiri kana gaba da teku. Ina za ka gudu?" Na ce masa, "Yaya, abin da ya cinye mutane a gabana ba zan yi wasa da shi ba." Bai yi mini gardama ba. Ya ce abin da ya kashe mutanenmu ƙishirwa ce da sanyi da injin da ya mutu a tsakiyar teku, da kuma rashin iya iyo lokacin da jirgi ya kife dab da gaɓa, ana hango fitilun gari. Ya ce na ƙarshen nan aƙalla yana da magani.

Allah ya yi wa Las Canteras wata baiwa. Can gaba kaɗan da gaɓa akwai wani dogon dutse da ya miƙe a cikin ruwa, La Barra, wanda ke tare ƙarfin tekun kafin ya iso bakin rairayi. Idan ruwa ya janye, dutsen yakan fito fili, abin da ke tsakaninsa da gaɓa kuma ya kwanta lumui, garau, har kana ganin ƙananan kifaye suna kewaya ƙafarka. A nan tsofaffin garin ke iyo kowace safiya, rani da sanyi, a nan kuma abokina ya fara da ni. Bai ce in yi iyo ba. Cewa ya yi in kwanta rigingine, ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin ƙeyata, in cika ƙirji da iska in kalli sama. Kunnuwana suka nutse, duniya ta yi shiru, jikina yana rawa. Can sai na ji muryarsa daga nesa kaɗan, ashe ya daɗe da zare hannunsa. Ruwan gishiri yana ɗaukar mutum idan ya sake jiki. Wannan ne darasin da ya fi kowanne ɗaukar lokaci, sauran duk sun biyo baya da sauƙi.

Akwai batun da na san duk Bahaushe zai tambaya, wato tsiraici. Gaskiya ne, da rana tsaka bakin ruwan nan ba wurin da mai kunya zai sake ba ne, kuma har yau ba na zuwa a wannan lokaci. Da sassafe nake zuwa, bayan asuba, sa'ad da babu kowa sai masu shara da tsofaffi da masu allunan hawan igiyar ruwa. Su masu hawan ruwa baƙar rigar roba suke sawa daga wuya har idon sawu, domin ruwan yana da sanyi, yakan sauka wajen digiri 18 ko 19 a ƙarshen hunturu, da ƙyar yake wuce 23 a lokacin da ya fi ɗumi. Rigar tana kama jiki, don haka nakan ɗora gajeren wando mai faɗi a kai. Ba wanda ya taɓa tambayata dalili.

A kudancin bakin ruwan, kusa da babban zauren kiɗa na Alfredo Kraus, dutsen La Barra ya ƙare. Wurin shi ake kira La Cícer. Rairayinsa ya fi duhu, kuma igiyar ruwa tana shigowa kai tsaye babu shamaki. Nan ne makarantar masu koyo. Allon da ake fara wa mutum da shi dogo ne mai faɗi, ya haura mita 2, na soso mai laushi, don ko ya buge ka ba zai fasa maka kai ba. Akwai igiya da ake ɗaura shi da ita a idon sawun ƙafar baya. Sabon shiga ba ya zuwa can ciki inda ruwa ke tashi kore. Yana tsayawa ne inda ruwan ya kai masa ƙugu, ya jira igiyar da ta riga ta fashe ta zama farar kumfa mai gangarowa a hankali.

Sirrin abin yana cikin gudu. Duk wanda ya taɓa ɗafe bayan akori-kura yana yaro ya san ba a tsaye ake kama mota ba, sai ka bi ta da gudu har saurinku ya zo ɗaya. Haka igiyar ruwa take. Kana kwance rub da ciki a tsakiyar allo, hancinsa ya ɗan ɗago sama da ruwa, ka waiwaya ka ga kumfa ta taso, sai ka shiga tuƙi da hannuwa, dama da hagu, da zurfi. Idan ka matsa gaba da yawa hancin allo ya nutse, ruwa ya wuntsila ka. Idan ka koma baya da yawa igiyar ta wuce ta ƙarƙashinka ta bar ka. Idan kuwa ka dace, za ka ji wutsiyar allon ta ɗaga, tuƙin ya daina zama naka, wani ƙarfi ya karɓe ka. A nan ne za ka dafa tafukan hannu kusa da haƙarƙari, ka ɗaga ƙirji, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka lokaci guda, gwiwa a lanƙwashe, ido a kan gaɓa. Wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi.

Ranar da na fara tsayawa, igiyar ba ta wuce gwiwa ba. Ta ɗauke ni a hankali, allon yana ɗan kaɗawa, kumfa tana shuu a gefensa, gidajen Guanarteme suna matsowa, har ƙasan allon ya goga rairayi na sauka da ƙafata. Abin bai fi numfashi kaɗan ba. Na zauna a wurin ruwa yana dukan bayana, hawaye suna zuba. Wannan ruwan dai da na yi ta roƙon Allah ya raba ni da shi, shi ne ya kawo ni gaɓa da lallashi. Abokina ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Tashi, Ƙanena, ga wata nan tafe."

Daga nan na fara karanta teku. Igiyoyin da ke fashewa a La Cícer ba a nan aka haife su ba, iskar guguwa ce can arewacin Atlantika ke tayar da su, su yi tafiyar kwanaki kafin su iso, shi ya sa sukan zo jere, uku ko biyar, sai a ɗan huta. Ruwa yana cika sau 2 yana janyewa sau 2 a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50. Abin da ya fi burge ni shi ne wata ke jan ragamarsa: cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Ni da na tashi a gidan da ake ƙirga kwanan wata saboda azumin fararen kwanaki, sai ga shi lissafin nan yana gaya mini yadda zan tarar da bakin ruwa gobe. Na kuma koyi gane wurin da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, inda ya fi duhu kuma kumfa ba ta fashewa. Idan ya ja ka, ba a kokawa da shi, gefe ake yi har a fita daga bakinsa.

Cikin ruwa akwai ladabi. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita, ba a shiga gabansa. Ba a sakin allo idan akwai mutum a baya. Mai komawa ciki shi ke kauce wa mai tahowa. Ban ga inda aka rubuta waɗannan a takardun zama ba, amma su ne suka fara sa 'yan gari suka san fuskata. A kan titi ni baƙar fata ne da ya zo ta kwale-kwale, akwai masu matsawa idan na zauna kusa da su a bas, akwai masu gidan haya da ke cewa an riga an kama da zarar sun ji harshena. A cikin ruwa abin da ake dubawa shi ne ko ka san layinka. Wani dattijo mai farin gemu, da ya ce tun yana saurayi yake hawa a wurin, shi ya fara yi mini ihu in tuƙa, igiyar tawa ce. Ta hannunsa na sayi allona na gwanjo, kuma ta hannun ƙanwarsa na samu ɗakin da nake ciki yanzu.

Inna ba ta yarda ba da farko. Da na tura mata hoto ta kira ni nan take: "Kai ɗan nan, ruwan da Allah ya tsamo ka daga ciki shi ka koma wa? Ruwa fa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "Inna, inda nake shiga ƙafata tana taɓa ƙasa, kuma akwai masu ceto a kan hasumiya suna kallo. Idan suka kafa jar tuta ba mai shiga." Ta yi shiru, sannan ta ce in riƙa addu'a kafin in sa ƙafa. Ina yi kuwa, ban taɓa fashi ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina ƙawata hanyar da na biyo. A 2024 mutum 46,843 ne suka iso tsibiran nan ta ruwa, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ci-rani ta Caminando Fronteras ta ƙirga fiye da 9,000 da suka mutu ko suka ɓace a hanyar a wannan shekara kaɗai. Duk ƙanen da ya kira ni daga gida yana tambayar kuɗin jirgi, amsata ɗaya ce: kada ka hau. Igiyar da ke kai gwiwa a La Cícer da abin da ke can tsakiyar Atlantika da dare ba su haɗa komai ba sai gishiri.

Daga Oktoba zuwa Maris teku yakan yi girma. A irin waɗannan ranaku ƙwararru suna tafiya El Confital, can gefen unguwar La Isleta a arewacin garin, inda igiya ke naɗewa a kan dutse, ni kuwa nakan tsaya a sama in kalla, ko in koma bayan La Barra in yi iyo. Ƙananan igiyoyi sun ishe ni, ban da niyyar wuce su. Wani lokaci iska takan juyo daga gabas ta kwaso ƙurar Sahara, abin da suke kira calima, sama ta yi ja, 'yan gari su rufe tagogi suna tari. A watan Fabrairun 2020 har filayen jirgin sama sai da ta sa aka rufe. Ni hazon gida nake gani a cikinta, kuma a irin safiyar nan iskar takan daidaita fuskar ruwa, igiya ta zo sumul.

Yanzu ranar Litinin, da yake ita ce hutunmu, ni da Yaya mukan ɗauki wasu samari daga cikin waɗanda suka iso ba da jimawa ba, yawancinsu 'yan Mali da Gambiya, mu kai su bayan La Barra idan ruwa ya janye. Ba ma maganar allo tukuna. Akwai wanda har yanzu iyakarsa idon sawu, kuma ba ma matsa masa. Mun ce masa mako mai zuwa ma za mu biyo ta ƙofarsu da ƙarfe 7.