Me Ya Sa Lissafin Ke Tsayawa a 24?

Duk wanda ya riƙe wa ƙananan masana'antun Kaduna littafin albashi, irin gidajen burodi da na ruwan leda, zai lura da abin da na lura da shi: sunayen ma'aikata ba sa son kaiwa 25. Ka shiga wurin ka ƙirga kawuna, sun fi haka nesa ba kusa ba. A takarda kuwa sai a tsaya.

Dalilin yana cikin dokar mafi ƙarancin albashi. Ta 2019 ta yanka naira 30,000, aka mayar da shi 70,000 a 2024, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ta tsame masu aikin jinga da na kamasho. Maigida ya san wannan ko da bai taɓa buɗe dokar ba. Sai ya rubuta direba da mai gadi da masu kula da inji, sauran kuma a kira su leburori, a biya su da yamma. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku, don haka wasu kan ce wa yaro ya je ya huta, za a neme shi. Ana nemansa kuwa, a matsayin sabo.

Ban ɗora wa masu gidan laifin duka ba. Wanda ke sayen dizal kullum, ga fulawa na tashi, in ka ambaci kashi 10 na albashi da maigida zai zuba wa ma'aikaci a asusun fansho sai ya dube ka kawai. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, masu neman aiki sun fi aikin yawa, kowa ya sani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron gida. Dokar Ƙwadago, inda ta fayyace wane ne ma'aikaci, ta cire iyalan mai aikin. Ɗan ƙanen Alhaji da aka kawo daga ƙauye shi ke buɗe shago, shi ke rufewa, shi aka yarda ya kai kuɗi banki. Ba shi da albashi, sai abinci da kayan sallah da alkawarin wata rana za a sallame shi da jari. Na taɓa tambayar wani maigida ko in sa sunan irin wannan yaro a littafi. Ya ce, "Haba Malam, ɗana ne, zan biya ɗana?"

Da yawa suna cika alkawarin, a Panteka da Kasuwar Barci akwai masu shaguna da aka yaye ta haka. Matsalar tana zuwa ne in maigida ya rasu bai sallame shi ba. Ɗan ɗan'uwa ba ya gado matuƙar mamacin ya bar ɗa namiji, kuma babu takardar da zai kai kotu. Sai dai dattawa su roƙi magada su duba shi.