Miligiram 4 bayan kwana goma sha ɗaya

Jiya na auna abin da na samu bayan kwana goma sha ɗaya a ɗakin gwaji: miligiram 4 na farin gari, ko gindin kwalba bai rufe ba. Malamina ya leƙa ya ce, "To, ai ba laifi." Ni kam raina bai yi daɗi ba.

Guntun furotin mai kama da wani yanki na furotin p53 nake haɗawa, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 14 a jere. Furotin p53, mai hana ƙwayar halitta rikiɗewa ta zama ciwon daji, yana da wani yanki da ke murɗewa kamar igiya, kowane zagaye amino asid 3.6. Da murɗin nan yake shiga wani rami a jikin wani furotin mai suna MDM2, shi kuwa MDM2 ya danne shi. In ka toshe ramin da abu mai kama da murɗin, p53 ya samu sakewa. Amma da ka yanko guntun shi kaɗai sai ya warware. Shi ya sa a 2000 Gregory Verdine da abokan aikinsa a Harvard suka fito da dabarar ɗaure zagayen da sarƙar kabon, da taimakon sinadarin rutiniyam na Robert Grubbs.

Ɗaurin bai cika ba ni wahala ba, jerawar ce ke cin rai. Har yau hanyar Bruce Merrifield ta 1963 muke bi: a maƙala amino asid na farko a jikin ƙwayoyin roba da ba su kai gero ba, a wanke, a ƙara na biyu, a sake wankewa. In kowane mataki ya yi kyau kashi 99 cikin ɗari, bayan mataki 30 kashi 74 ne ya rage maka. In kashi 95 ne, ka koma kashi 21. Ga ruwan wanki na DMF da muke zubarwa jarka-jarka, ga tsadar amino asid ɗin ɗaurin, ga sauran rutiniyam da dole a tsame kafin abu ya zama magani.

Kuma fa an taɓa haɗa dogon guntun furotin har ya zama magani. Fuzeon, maganin ƙanjamau mai amino asid 36 da aka amince da shi a 2003, gunduwa-gunduwa aka haɗa shi sannan aka haɗe gunduwoyin. Duk takardar binciken da ta yi ta yabon murɗinta ba ta faɗi giram nawa aka samu ba, yanzu rabi nake karantawa in ajiye.

Gobe zan raba nawa gida biyu, bakwai-bakwai, in gani.