Abin da na tarar a sashen ilmin nafs a Khartum

A Sudan makin da mutum ya ci a jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, shi ke raba masa hanya. Masu makin sama su tafi likitanci da injiniyanci, mu da muka fito daga ɓangaren adabi kuma a rarraba mu tsakanin shari'a, tarbiyya da adab. Ni da hannuna na rubuta ilmin nafs, wato ilimin halayyar ɗan'adam, a takardar zaɓi, aka kuwa ba ni. A gidanmu a Maiurno babu wanda ya gane abin da zan je karantawa. Baba ya tambaye ni ko likita zan zama, na ce a'a. Ya ce ko malama, na ce wataƙila. Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka, ki dai riƙe salla." Gwaggona da na zauna a wurinta a unguwar Ingaz, kudancin Khartum, ita ba ta tsaya tambaya ba. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna ni ta ce ga 'yar wanta mai karatun mahaukata.

Karatun mahaukatan bai zo ba sai wajen ƙarshe. Shekarar farko tarihi ne da gabatarwa. An faɗa mana cewa fannin ya balle daga falsafa a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, yana auna tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya amsa wa ƙara ko haske. Da Larabci ake karantar da mu, domin tun farkon shekarun 1990 aka mayar da karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci, kuma yawancin littattafanmu na Misirawa ne, ko takardun malamai da muke saye a shagon fotokwafi. Ajinmu mata suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Sunan da ba ya barin bakin malamanmu shi ne Malik Badri, haifaffen Rufa'a a 1932, ɗan Babikir Badri wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a garin a 1907. A littafinsa na 1979 ya aro hadisin nan da ke cewa za mu bi sawun waɗanda suka gabace mu, ko ramin damo suka shiga mu shiga, ya ɗora shi kan masana halayya Musulmi da ke haɗiye ra'ayoyin Freud, shahararren masanin halayya na Turai, ba tauna. Shi ne kuma ya fito da aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya fassara shi zuwa Ingilishi. Al-Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu, mai sanadin da aka sani kamar rashi, da wanda ke afka wa mutum haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani, na farkon kuma a gyara masa tunani da magana. Wasu 'yan ajinmu sun ɗauki wannan a matsayin lasisin watsar da duk abin da Bature ya rubuta. Badri bai faɗi haka ba. Ya ƙi yarda da falsafar da ke ƙarƙashin wasu nazariyyoyi, amma shi kansa da dabarun gyaran ɗabi'a na zamani ya yi wa marasa lafiya aiki. Ya rasu a Maleshiya a 2021.

Darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na haddace shi na ci jarrabawa, ban ƙaunace shi ba. Haka ma halayyar ma'aikata da masana'antu, wanda ya zo ya wuce cikin zango guda. Darasin koyo ya ɗan fi kama ni, ba don gwajin da Pavlov ya yi da karnuka ba, sai don Ebbinghaus, wanda ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne cikin sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a dare ɗaya. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san malam ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya kawo hadda, kuma ba ya barin tilawar baya ta kwana biyu ba a taɓa ta ba.

Inda na fara jin cewa karatun nawa ne shi ne halayyar tasowar yara. Jean Piaget, ɗan Suwizalan, ya ce yaron da bai kai kimanin shekara 7 ba, idan ka juye ruwa a gabansa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, zai ce ruwan ya ƙaru, don idonsa na kan tsayi kawai. Ustaza ta ce kowa ya je gida ya gwada. Na tara yaran gidan Gwaggo da na maƙwabta, na ɗauko kofunan shayi da kwalba. Kafin in juye na tambaye su suka ce ruwan ɗaya ne, da na juye na sake tambaya, ƙananan duk suka ce ya ƙaru, kamar yadda littafi ya faɗa. Amma wata yarinya da ta haura shekara takwas, wadda ake aika ta sayo mai da gwangwani tana lura ko mai shago ya tauye, ita ma ta ce ya ƙaru. Da muka fita tsakar gida na sake tambayar ta ita kaɗai, sai ta ce, "Yaya, ai ɗaya ne. Na ga kin sake tambaya ne, na ɗauka amsar farko ba ta yi ba." A gidan Bahaushe babba ba ya maimaita wa yaro tambaya sai in yaron ya yi kuskure. Da na kai wa Ustaza labari ba ta yi mamaki ba. Ta ba mu labarin Patricia Greenfield, wadda ta yi wannan gwajin da yaran Wolof a Senigal a shekarun 1960. Yaran da ba su shiga boko ba suna cewa ruwan ya ƙaru ne saboda ita ta juye shi, amma da aka bar su suka juye da hannunsu, da yawa suka ba da amsar daidai. Matakan tasowar tunanin yaro da Piaget ya tsara ba su rushe ba, sai dai wanda ke tambaya da yadda ya yi tambayar suna cikin abin da ake aunawa.

Halayyar zamantakewa kuwa da wuya Bahaushen Sudan ya zauna a ajinta zuciyarsa ba ta motsa ba. Solomon Asch a 1951 ya sa mutane su gwada tsawon layuka a cikin jama'ar da aka shirya su faɗi ƙarya, sai kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshi suka bi ƙaryar. Henri Tajfel a Bristol, farkon shekarun 1970, ya raba 'yan makaranta gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai wane mai zane suka fi so, nan take suka fara fifita 'yan ɓangarensu wajen rabon maki. Kakanninmu sun sauka bakin Nilu mai shuɗi tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har a aji sai wata ta ji ina waya da Inna da Hausa ta tambaye ni yaushe na zo Sudan. Gordon Allport ya rubuta a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharaɗi: a haɗu a matsayi ɗaya, a kan manufa ɗaya, ana taimakon juna, kuma hukuma ta goyi baya. Sharuɗɗan nan su ne naman maganar. Mun fi shekara ɗari muna kasuwa ɗaya da gona ɗaya da maƙwabta, duk da haka an zubar da jini a jihar Nilu mai shuɗi a 2022.

Yanzu ga darasin da kowa ke gudu: ihsa'i da ƙiyasi, wato ƙididdiga da ilimin auna halayya. Yawancinmu mun shigo adabi ne don tsere wa lissafi, sai ga shi yana jiran mu a shekara ta biyu, da lissafin matsakaici da na yadda maki ke karkata daga gare shi, da manhajar ƙididdiga ta SPSS a ɗakin kwamfuta. A ganina wannan shi ne ginshiƙin digirin gaba ɗaya. Kowa a unguwa yana da ra'ayi kan dalilin da ya sa yaro ya lalace ko mace ta cika fushi, kuma sau da yawa ra'ayin tsofaffi ya fi na ɗalibi kaifi. Abin da ɗalibi ya fi su da shi kawai shi ne ya san yadda ake gwada magana a ga ko ta tsaya. A nan muka koyi cewa gwajin basira, tun wanda Binet da Simon suka yi a Faransa a 1905, ba ya ba da maki mai ma'ana sai an gwada shi da makin tsaran yaro na ƙasarsa. Idan aka fassara gwaji daga Amurka zuwa Larabcin Masar, aka ba yaron da ke Hausa a gida, aka ce basirarsa ƙasa take, to harshe da makaranta aka auna tare da basirar, ba a san rabon kowanne ba.

Daga nan binciken kammalawata ya fito. Akwai ƙaramin gwaji da ake karanto wa mutum jerin lambobi ya maimaita. George Miller ya ce a 1956 mutum na riƙe kimanin 7, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Daga baya aka gano cewa tsawon kalmomin ma yana da tasiri, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da baki zai iya faɗa cikin kimanin daƙiƙa biyu, har wani bincike a Wales a 1980 ya samu masu harshe biyu suna riƙe lambobi kaɗan da harshen Wales, mai dogayen kalmomin ƙirga, fiye da yadda suke riƙewa da Ingilishi. Na so in gwada yaran Ingaz da Hausa da kuma Larabci. Na yi ta shiga gidaje ina sallama, ina shan shayi, ina bayani ga iyayen da ke zaton rajistar tallafi nake yi. Bambancin da na samu bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma yara da dama da ke zuba Hausa kamar a Sakkwato ba sa ƙirga da ita, da Larabci suke lissafi. Daktan da ke duba aikina ya ce in rubuta haka yadda yake, rashin bambanci ma sakamako ne, in kuma bayyana cewa yaran da na gwada ba su da yawa.

Horon asibiti ya zo a shekarar ƙarshe. Sudan tana da tarihi a nan: Tijjani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, kuma sunansa asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da shi. Ya yi nazarin zar, wanda duk wanda ya san bori zai gane shi, kuma ya zaɓi ya yi aiki tare da shehunan masid, wato zaurukan karatu da addu'a na malamai, maimakon ya yaƙe su, don ya san mara lafiya can ake fara kai shi. Har yau haka ne. Kusan duk wanda muka gani ya riga ya sha rubutu, an yi masa turare da ruƙiyya. Akwai malaman da ke cewa iyali su wuce asibiti, akwai kuma masu hana shan ƙwaya su ɗaure mutum da mari, kuma na ga sawun marin a ƙafafu.

Wata rana aka kira ni in yi tafinta ga wata dattijuwa Bahaushiya da ɗanta ya kawo daga wajen Gadarif. Wani ɗalibi ya riga ya cika takardarta: ba ta kallon ido, ba ta san kwanan wata ba, ta kasa faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari, ta kasa cire 7 daga 100. Ana shirin rubuta mata ciwon mantuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, wane wata muke ciki?" Ta ce watan azumin tsofaffi, saura kaɗan a fara yankan dawa, kuma haka ɗin ne. Sunan miji da na ɗan fari kuwa kunya ce, macen zamaninta ba ta faɗin su ko a gaban alƙali. Da na mayar da lissafin kuɗin gyaɗa ta ba ni canji daidai. Abin da ke damun ta daban ne. Ta ce kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata tun rasuwar 'yarta. Likitar ta saurara, ta canza abin da aka rubuta zuwa ciwon damuwa mai tsanani, ta ba ta magani, ta sa a dawo da ita.

Digirin farko ba ya mai da mutum mai warkarwa. Ba mu rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne wanda ya karanta likitanci, kuma mai son zama masanin halayya na asibiti sai ya ƙara digiri na biyu da horo a ƙarƙashin ƙwararre. Yawancin 'yan ajinmu sun tafi koyarwa, makarantun yara masu buƙata ta musamman, ko ƙungiyoyin agaji. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 da dama sun koma aiki da 'yan gudun hijira a Gadarif, Kassala da Port Sudan, suna amfani da tsarin agajin gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. Mai niyyar shiga fannin ya gyara Ingilishinsa tun shekarar farko, domin sababbin bincike da shi ake buga su, kuma littattafan Larabcin da ke hannunmu sukan makara da shekaru.