Na'urar gargaɗin ambaliya: inda aka kwana a mako na shida

'Yan uwa masu koyon haɗa na'urori, barkanmu da warhaka. Mako shida ke nan ina fama da 'yar na'urar da ke auna ruwan kwata a layinmu na Agege.

Allon ESP32, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da batiran caji samfurin 18650 suna nan yadda na fara da su. Ma'aunin nisa na canza. Na farkon, HC-SR04, yana aunawa daga santimita 2 zuwa 400, amma ba ya jure laima, kwana tara ya yi a bakin kwata ya yi tsatsa. Na koma JSN-SR04T wanda ruwa ba ya shigarsa, sai dai ba ya ganin abin da ya matso shi da kamar santimita 20, dole na ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da shi tsayi. Shi kuma SIM800L, ɓangaren da ake sa wa layin waya, duk sanda zai aika saƙo yakan ja wuta har amfiya 2, allo ya mutu ya tashi. Babbar kafasita, mai ajiye wuta na ɗan lokaci, da na sa a gefensa ta kashe wannan rigimar.

Babban darasin kuwa wajen Hajiya mai sayar da hatsi na samo shi, wadda ruwa ya jiƙa wa buhunan shinkafa a daminar bara. Na nuna mata manhajar da na sha wuya a kanta, da zanen hawa da saukar ruwa. Ta duba, ta ciro 'yar wayarta mai madannai daga bakin zani.

"Ɗan nan, ruwan nan da tsakar dare yake zuwa. Wa zai tashe ni in karanta?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe kaina na yi wa aiki. Idan ana zancen birnin zamani a Legas, sabuwar unguwar Eko Atlantic ake nunawa, ko jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 da katin biyan kuɗi na Cowry. Ban raina su ba, amma ni ma ga shi na gina abu don mai babbar waya da data, na manta da wadda dukiyarta ke bakin kwata.

Na ajiye manhajar. Yanzu na'urar kiran waya take yi, sau uku a jere. Na haɗa DFPlayer Mini, mai kunna muryar da aka ɗauka, da ƙaramar lasifika, ƙanwata ta ɗauki murya da Hausa, maƙwabcinmu ya ɗauka da Yarbanci. Santimita ma na daina ambata. Mai gadin layi ya ce, "Malam, ka ce ruwa ya taɓa matakala ta biyu, kowa ya san ma'anarsa." Haka muryar ke faɗa yanzu.

Saura matsala ɗaya. Shekaranjiya tarin leda da robobin ruwa suka taso ƙarƙashin ma'aunin, na'ura ta tashi mutane ƙarfe uku na dare a banza. In ta sake haka sau biyu, ba mai ƙara ɗaga wayarta. Ina gwada sa ta auna ruwan sau 15 ta zaɓi awon tsakiya kafin ta yi kira. Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya faɗa min yadda ya yi kafin ruwan Yuni ya kankama.