Latas ɗin Hajiya

Asabar, bayan isha'i.

Sanyi dai ya kama hanya. Yau da asuba ban nemi rigar sanyi ba, hazo ya janye har ana hango ƙarshen layinmu, kafin azahar kuwa ganyen kabeji duk ya yi yaushi.

Da hantsi Baba, tsohon da ke kula mana da lambu, ya iso da 'yar fartanyarsa, ya zaga fangalan bai ce uffan ba, sai da ya kai kan latas ya ce a tumɓuke a cinye cikin satin nan. Hajiya tana gindin mangwaro da carbinta, nan take ta ɗago.

"A tumɓuke me? Ga azumi a bakin ƙofa, da me za mu yi buɗa-baki?"

"Hajiya, dubi tsakiyarsa, ya fara miƙa wuya. In ya yi kara ya fid da fure, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci."

"To a ƙara masa ruwa mana."

"Ba ƙishirwa ke damunsa ba, ranki ya daɗe. Zafi ne."

Sai ta juyo kaina. "Ke Maman Ummi, kin yi shiru kamar ba gidanki ba." Na tsinko ganye ɗaya daga tsakiya, farin ruwan nan mai danƙo ya tsattsafo a bakin karan, na ɗanɗana, ɗaci ya fara shiga. Na miƙa mata. Ta tauna, ta tauna, ta ce ita da goro a bakinta, ba ta ji komai ba. Ummi ta ruga ɗaki don kada dariya ta tona mata asiri.

Ni dai na san ba latas ne a ran Baba ba, ruwa ne. Rijiya ta ja baya, shekaranjiya ma sai da aka ƙara wa guga igiya, masu kura kuma sun fara ɗaga kuɗin jarka. Lissafinsa shi ne ruwan da latas ke sha safe da yamma a mayar wa dashen lemo da gwaiba da muka sa da damina. Saiwarsu ba ta yi nisa ba, ga Maris da Afrilu na tafe, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40. Latas ko ya ƙare mana akwai shi a kasuwar 'Yankaba, amma dashe in ya bushe an yi asarar shekara guda cur. Gaskiya na bayan Baba, sai dai wa zai faɗa wa Hajiya haka kai tsaye?

Da ƙyar aka raba gardama: an bar mata fangali ɗaya, za a yi masa rumfar zana ya riƙa samun inuwa da rana tsaka. Baba ya girgiza kai, amma shi ya kafa sandunan da hannunsa.

Albasa ta kwantar da wuya, daga yau babu ruwa, in ta sha iska a cire a baza a inuwa. Tumatir yana zubar da fure. Na juya ganyen ina neman sawun sharon, don tun abin da tsutsar nan ta yi wa su Kadawa da Kura a 2016 nake tsoronta, kuma da zafi ta fi ɓarna. Ban ga komai ba, alhamdulillahi. Duk da haka gobe za mu tsinke nunannun mu yanka a yi kauɗa. Ɓawon gyaɗa a gindin itatuwa, amma kada ya taɓa jikinsu saboda gara. Alayyafo da kuɓewa a gurbin latas, su zafi bai dame su ba. Zogale sai an kusa ruwa a sassabe shi.

Abin da ya hana ni sakewa tun la'asar daban ne. Da suna ɗaura zanar, na ji Baba yana ce wa Auta, "Riƙe nan, ɗan nan, ka ga yadda ake ƙullin. Baɗi kai za ka yi." Ya nuna masa yadda ake gane albasa ta ƙosa, da zurfin ramin irin kuɓewa, abubuwan da bai taɓa damuwa ya koya wa kowa ba. Kowace shekara yakan koma Matameye ta Nijar kafin ruwan farko don sharar gona, kaka ta wuce ya dawo mana. Yau kuwa tsakanin rijiya da fangalai sai da ya ajiye bokiti ya dafa gwiwa, ya ɗauka ba wanda ya gani.

Na gaya wa Abban Ummi, ya ce ina da saurin sa abu a rai, tsoho ne kawai yake koya wa yaro aiki. Wataƙila. Na dai ce daga gobe Auta ne zai riƙa jan ruwa kafin ya tafi islamiyya, ya amince.

Da daddare kwaɗon latas muka ci da ƙuli-ƙuli. Hajiya ta yi ƙari, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Har yanzu ba a kawo wuta ba, sauro kuma sun dawo.