Kafin a cire wa yaro haƙori saboda cunkoso

Ƙaramin asibitin haƙori gareni, kujera biyu sai wani matashi da ke haɗa mana wayoyin jera haƙori a ɗakin baya, kuma duk cikin aikinmu ba wanda na fi sa wa rai kamar na yara masu cunkoson haƙori. Uwa za ta kawo yarinya fiƙa ta ɓullo can saman dasashi, na gaba sun hau kan juna, abin da za ta fara cewa shi ne likita a cire na saman nan kawai a huta. To fiƙa kuwa ita ce na fi ƙin taɓawa, saiwarta ta fi ta kowane haƙori tsawo, ita ke tallafe da gefen leɓe.

Cunkoso rashin wuri ne, kuma a bakin yaro wuri yana samuwa in an zo da wuri. Turamen nono sun fi waɗanda za su gaje su faɗi, a muƙamuƙin ƙasa rarar takan kai wajen milimita 2 kowane gefe, amma akwai turmin dindindin da ke fitowa a bayansu a shekara 6, in ba a tare shi ba sai ya matso gaba ya cinye rarar. Wata siririyar waya muke sawa ta bi bayan haƙoran ƙasa ta riƙe shi, ba a ma ganinta in yaro ya yi dariya, kuma ita kaɗai tana warware cunkoson yara da yawa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an cire wa ɗan shekara 5 turmi don alawa ta cinye shi, ana cewa ai dama famfara zai yi. Wannan haƙorin shi ke gadin filin na ƙasansa, in zai ciku a cike shi, in kuma dole ta sa an cire a saka abin riƙe gibin.

Sai faɗaɗa ganda. Ƙashin ganda ɓari biyu ne da ɗinki a tsakiya, ba ya gama haɗewa sai bayan balaga, to kafin nan muna maƙala wani ƙarfe mai sukuru a turamen sama, mu ba uwa ɗan mukulli ta riƙa murɗawa a gida, kowane murɗi wajen kwatar milimita. Cikin 'yan makonni sai ka ga wushirya ta buɗe, wasu iyayen har murna suke, nakan gaya musu kar su saba da ita don rufewa za ta yi, ƙarfen kuma sai ya ƙara watanni a baki ƙashi ya cika wurin. Amma fa wannan na mai ƙuntatacciyar ganda ne ba na kowa ba, muƙamuƙin ƙasa ma ba shi da wannan ɗinkin. In cunkoson kaɗan ne kuma na dindindin sun gama fitowa, mukan ɗan goge tsakanin haƙora, kada ya wuce rabin milimita tsakanin biyu, sannan waya ta jera su.

Gardamar a cire ko kar a cire tsohuwa ce a sana'armu. Edward Angle na Amurka ya tsaya kai da fata a kan kar a cire, ɗalibinsa Charles Tweed ya ga haƙoran da ya jera a hakan sun turo gaba wasu sun koma gidan jiya, ya dawo yana cirewa a shekarun 1940. Ni dai awo nake bi, in ƙarancin wurin bai kai milimita 4 ba da wuya na cire, in ya kai 10 kuwa gaskiya nake faɗa, sai an cire na bayan fiƙa, tura haƙori inda babu ƙashi zaizaye dasashi yake.

Wahalar sana'ar ita ce kusan duk kayan daga waje suke, da dala ake sayensu, aikin kuma na zarya ne wata bayan wata, shi ya sa muke karɓar kuɗi kaɗan kaɗan. Wasu da sun ga baki ya fara kyau sai su ɗauke ƙafa, ƙarfe na baki ba mai dubawa, sai mu yi ta bin su a waya. Duk wanda ya zo wankin haƙori ko ciko nakan tambaye shi ko yana da ɗan shekara 7 a gida, in akwai ya zo min da shi na leƙa bakin.